Ƙofar da Kawu Sale Ya Nema

Wata Asabar ce cikin damunar 2004, ana irin sanyin nan na Jos da ke sa mutum ya gaida ruwan wanka daga nesa ya wuce, Kawu Sale ya shigo shagon wasan bidiyo na Oga Chidi a Kwararafa don ya ja kunnena zuwa gida. Tun hantsi Mama ta aike ni niƙa, ga bokitin masara a bakin ƙofa kaji suna biki a kansa, ni kuwa ina gaban talabijin ina ceton duniya. Shekaruna goma sha uku, amma a lissafina na kashe sojojin da suka fi mutanen Filato yawa.

Kawu Sale ƙanin Mama ne, tela mai ɗan shago a ƙofar gidan hayarmu, mutumin da ko sauro ne ya cije shi sai ya ba shi haƙuri. Mu yaran layi kuwa yaƙi ne abincinmu. Mu sassaƙa bindigar katako, mu shafa gawayi a fuska, mu hau duwatsun bayan makaranta muna ratata da baki, wanda aka harbe ya ƙi mutuwa sai an yi dambe na gaske. Ran Lahadi mu cika gidan kallo, jarumi ɗaya ya share bataliya hularsa ko karkacewa ba ta yi ba. In na dawo ina ba Kawu labari har da tsalle, sai ya ciji zare ya ce, "Waɗanda ya harbe ɗin, an nuna muku iyayensu mata?" Ban taɓa gane tambayar ba.

Amma na san abin da bai kamata in sani ba. Akwai kaki a ƙasan akwatin Mama, da hoton Kawu riƙe da bindiga ta gaske. An tura shi yaƙi wata ƙasa, ya ga abin da ya gani, da aka ba shi hutu ya zo gida bai koma ba. Sale ma ba shi ne sunan da ke takardunsa ba. Ranar da Mama ta kama ni ina leƙe, ta matse mini leɓe ta ce in maganar ta fita, kama shi za a yi.

To a wannan Asabar, kafin ya kai ga kunnena, Oga Chidi ya tare shi da Hausarsa ta kasuwa: "Oga tela, zo gwada mana, ko yaro ya fi ka zuciya?" Kawu ya yi murmushi, ya karɓi abin dannawar, ya tambaye ni wanne ne na tafiya. Bai tambayi na harbi ba. Sai ya juya sojan da ke cikin wasan ya ba fagen yaƙin baya, ya ratsa wata gona, ya wuce wani ƙonannen gida, a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure. Jan rubutu ya fito yana cewa ya koma bakin daga, lambobi suka fara sauka. Kawu bai juya ba. Suna ƙarewa sojan ya faɗi matacce, ba wanda ya harbe shi. Shagon ya kece da dariya. Kawu ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce, "Ashe ko a nan ma ba su bar wa mutum ƙofa ba." Ya ɗauki bokitin masarar da kansa ya fita, ya manta da kunnena.

Daga ranar sunana ya koma ɗan gidan Soja-Gudu. Kwana uku na jure. A na huɗu na hau bencin shagon na ce kawuna sojan gaske ne, ya kashe mutum dubu da hannun hagu, gajiya ya yi ya jefar musu da bindigarsu ya taho, kakinsa na akwatinmu. Har sunansa na asali na faɗa don labarin ya ji gishiri. Aka tafa mini. Shagon kuwa ba yara kaɗai ke shiga ba.

Bayan mako biyu wasu mutum biyu masu ƙyallin takalmi suka zo layinmu suna tambayar tela mai wancan sunan. Maman Ngozi, maƙwabciyarmu mai sayar da garin rogo, ta tura su can unguwar Daɗin Kowa, ta ruga ta gaya wa Kawu. Da na dawo daga makaranta ba Kawu, keken ɗinkin na nan, rigar da yake ɗinka mini na ƙarƙashin allura da hannu ɗaya. Mama ba ta doke ni ba, da ta doke ni da na ji sauƙi. Saƙonsa kawai ta ba ni: "Ki ce masa ban yi fushi ba, amma ya rage dubun nan. Mutum ɗaya ne, kuma shi ne ya hana ni barci."

Bai sake dawowa ba. Har Mama ta rasu tana shafa wa keken nan mai duk Juma'a.

Yau ga furfura a gemuna, kuma har yanzu in na ga ɓera sai in ce akuya na gani. Labarin nan ne kaɗai ba na ƙara wa komai. Shagon Oga Chidi ya zama wurin cajin waya, yaƙin kuma ya koma aljihun 'ya'yana. Wani lokaci ƙaramin yakan miƙo mini wayar, in juya sojan in bi ta gona, yana ihu, "Baba, ba ka iya ba!" Har yau ƙofar nake nema wa Kawu.