Kwamfutar Maijego a Cikin Zani

Ko na manta komai, ba zan manta da jegon 'yata na fari ba, shekarar da na kusa hana mutane shuka ban sani ba.

Aikinta kula da wasu kwamfutocin haya ne da ke can wata ƙasa, ita kanta ba ta taɓa ganinsu da ido ba. Su ke tura wa manoma saƙon ruwan sama a waya. Da ta dawo gida garinmu Mainika wanka, sai na ga jariri a cinya, kwamfuta a gefe. Ni ba na iya faɗa. Sai kawai na naɗe kwamfutar a zani, na aika wa ƙanwata a Kabo, na ce sai an yi arba'in.

Kwana huɗu Malam, mahaifinta, yana ƙorafi saƙo bai shigo ba, ga iri a hannu, ga hadari na ta yaudara. Rana ta biyar abokiyar aikinta ta yi sallama daga Kano. Bayan gaisuwa da barka ta ce, "Inna, na'urar da ke tura saƙon ta tsaya, kuma ba ta buɗe wa kowa sai maijego."

'Yata ta yi mini bayani a hankali. Makullin SSH suke ce masa, wani dogon rubutu ne kashi biyu. Rabi yana jikin na'urar, rabin sirri yana cikin kwamfutarta, kuma nata kaɗai aka saka. Malam ya kalle ni ya ce, "Ashe ke kika riƙe mana damina!"

Nan take na aika Kabo. Kafin la'asar ƙanwata ta iso a kan babur, ta rungume ƙunshin kamar tiren ƙwai. "Yaya, ai ƙarƙashin katifa na sa ta, kwana biyar ban juya ba."

Baƙuwa ta ce, "Turo min makullin naki ta waya kawai, ki huta."

'Yata ta ce, "A'a, na sirri ba ya barin inda yake. Ki haɗa naki, ki ba ni rabin da ake nunawa in saka miki."

Da za ta buga kalmar sirrinta ta ce, "Inna, ɗan juya."

Na ce, "Ni da na yi miki wankan ganye da safe?" Muka yi ta dariya, amma na juya.

Kununta bai huce ba baƙuwa ta shiga na'urar da nata makullin, ta tayar da ita. Wayar Malam ta yi ƙara. Ya manta tabarau, ni na karanta masa da karatuna na yaƙi da jahilci: a jira jibi. Jibin kuwa aka yi ruwan shuka.

Ta cika arba'in ɗinta ba wanda ya sake nemanta. Tun ranar na gane, in kana son mutum ya huta, ba ɓoye kayan aikinsa za ka yi ba. Ka tabbata akwai wani mai iya buɗe ƙofar in ba ya nan.