Masar Batulu da Shawarar Maza

Duk Bahaushen unguwar Hindawiyya a Makka ya san Batulu mai masa, 'yar Damagaram, mai bakin da ya fi yajinta zafi. Da tanda ɗaya ta ciyar da gida tun zuwanta Makka, mijinta Mika'ilu yana jan tasi. Da Allah ya yi masa rasuwa ta yi takaba yadda aka saba a gida, ba kitso, ba turare, da 'yar wuƙa a gefen zane.

Tana fita takaba sai ƙannen mamacin suka taso mata. Hafizu ya ce al'ada ita ce ta tattara ta koma Damagaram. Abdullateef ya ce a'a, ta zauna, amma ta bar sana'a, suya a bakin ƙofa ba mutuncin matar yayansu ba ne. Kullum suna ɗakinta suna musu, suna cin masarta. Tsoro ya kama ta sosai, domin in aka raba ta da tandar nan ba ta da kowa.

Ta kai kuka wurin maƙwabciyarta Nuriyya, wata tsohuwa 'yar Indiya. Nuriyya ta ce, "Habibti, ƙawata, a ƙasarmu zamanin Turawa, wasu Hindu kan ƙona mace tare da gawar mijinta. Malamansu suka yi ta musu, wannan ya ce addini ne, wancan ya ce ba ya cikin littafi, Turawa ma suka shiga, har aka hana."

"Subhanallahi! Ita matar me ta ce?"

"Wa ya tambaye ta?"

Batulu ta tafa hannu ta yi shewa. "Ashe su Hafizu har Indiya suna da dangi!"

Washegari mazan suka zo, suka miƙe ƙafa, musu ya kankama. Can Hafizu ya leƙa tire ya gan shi wayam.

"Yaya Batulu, ina masar?"

"Khalas, an gama," in ji ta. "Kai ka mayar da ni Damagaram, shi ya hana ni suya. Na bi ku duka biyun. Ku ci shawara."

Wallahi kunya ta rufe su, ga yunwa. Abdullateef ya sosa ƙeya ya ce, "To ke me kike so?"

Dariya ta zo yi, sai hawaye suka riga ta. Tun rasuwar Mika'ilu ba wanda ya yi mata wannan tambayar. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ku miƙo min tandata."