Ranar da Muka Gwada Sabulu a Ƙofar Mata

A shekarun da Turawa ke shirin tafiya, sana'ata rubuta talla ce. Ba ita na yi wa karatu ba. Na yi allo a Madabo, na yi littattafai gwargwadon iko, hannuna kuma ya faɗa a ajami, har wani kamfani na bayan ganuwa ya ji labari. Da boko suke buga takardun tallarsu, mutanen cikin birni kuwa ba abin da suke yi da boko sai ƙunshe ƙosai. Shi ya sa suka neme ni. Akawunsu, wani Bazazzagi mai gajeren wando da doguwar safa, yakan zo a keke ya ajiye mini abin da za a yaba, shayi ko ashana ko fitila. In rubuta layi biyar ko shida, ya kai tasha, jirgi ya tafi da shi wurin bugawa.

Aikin bai taɓa ba ni wuya ba. Kafin akawu ya gama shan ruwa a zaure na gama. Abu ɗaya na kiyaye, ba na sa sunan Allah a takardar talla, don na san ƙarshenta ƙasa.

Wata rana bayan la'asar ina fitowa daga masallaci sai na ga wani tsoho ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki takarda daga cikin ƙura. Ya karkaɗe ta, ya ɗora a goshi, ya cusa ta a tsagar bangon masallaci, yadda aka saba yi wa duk abin da ke da baƙaƙen Larabci. Da ya wuce na zaro ta. Tallar shayina ce, wadda na ce duk wanda ya sha shi gajiya ba za ta san ƙofar gidansa ba. Ni kuwa ko kurɓa ban taɓa yi ba, koko nake sha.

Na mayar da ita inda ya sa ta, don ban san inda ya fi can ba.

A makon nan akawu ya kawo sabulu, fari, mai ƙanshi, a naɗe. Ya ce manaja yana so a ce yana fitar da kowace irin dauɗa. Na ce to. Na zauna, na tsoma alƙalami, sai na ga goshin tsohon nan a zuciyata. Hannu ya tsaya.

Na ɗauka laifin alƙalami ne, na fiƙe shi. Na sake fiƙewa, har ya koma kamar tsinken sakace. Na ce tawadar ce ta yi ruwa, na dafa sabuwa da ƙaro mai yawa. Na ja buzu daga gabas zuwa yamma. Kwana uku ina wannan, abin da na samu kalma ɗaya ce, "sabulu", ita ma na rubuta ta sau goma sha, kowace ta fi 'yar'uwarta kyau.

Ran Laraba da hantsi akawu ya dawo. Ya dubi takardar, ya juya bayanta ko akwai ci gaba.

"Malam, wannan ai sunansa ne. Sunansa mun sani."

"Sauran yana hanya."

"To, ya yi sauri. Gobe jirgi zai tashi. Manaja ya ce in babu, a buga da boko kawai, kuma daga nan shi ke nan, dama yana cewa bugu biyu wahala ce."

Wato ba sabulu kaɗai ba, aikin gaba ɗaya zai tafi. Da ya fita na jefa sabulun a aljihu, na ɗauki gafaka, na kama hanya ba tare da na san inda za ni ba. Ƙafa ta kai ni Ƙofar Mata, inda taubashina, ɗan kawuna, yake rini. Tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba. Na same shi a bakin karofi, hannuwansa shuɗi har gwiwa.

"A'a, ga malamin ashana. Yau me za a ce mana ya fi uwa da uba?"

"Bawana, ba a gaisuwa?"

"Wa ke bawan wa? Zauna can, kada ka ɓata mana ruwa da ƙanshi. Me ke tashi a jikinka haka kamar amarya?"

Na fito da sabulun na gaya masa abin da ake so in rubuta, da yadda na kasa. Ban gaya masa zancen tsoho ba, don da na ba shi abin da zai ci shekara yana yi mini.

"Kowace irin dauɗa," ya maimaita. Ya ɗaga hannuwansa ya nuna wa sauran marina. "Kun ji, wai kowace iri. Kawo."

Aka kawo ruwa a ƙwarya. Ya cuɗa, ya cuɗa, kumfa ta tashi, marina suka bar muciyoyinsu suka kewaye mu. Ya ɗauraye. Hannu yana nan yadda yake, sai ma ƙyalli da ya ƙara. Ya sake, har sabulun ya rame. Wani dattijo a cikinsu ya ce a bar wahalar da baƙo, shunin da ya shekara talatin a wuri ba ɗan kwana uku ne zai tashe shi ba. Aka yi ta dariya, har da ni, ko da yake tawa ba ta kai ciki ba.

Taubashina ya kai hannu hanci, ya sunsuna.

"Amma fa warin karofi ya tafi. Ku sunsuna." Ya bi su ɗaya ɗaya yana cusa musu hannu. "Yau in na koma gida ba za a ce in tsaya a zaure in sha iska tukuna ba."

Nan take na ji abin ya sake ni. Na zauna a kan wani dutse, na ɗora takarda a cinya, na rubuta abin da na gani: wannan sabulu ba ya fitar da shuni daga hannun marini, mun gwada a Ƙofar Mata gaban shaidu. Yana fitar da wari, da maiƙo, da gumi. Wanda dauɗarsa ba ta kai shuni ba, ya saya. Maiƙon ma sai da na sa aka shafa wa wani man gyaɗa aka wanke kafin na rubuta. Na karanta musu da ƙarfi, don haka ake cin takardar talla a birni, mutum ɗaya ya karanta goma su ji. Suka ce in sake.

Da safe akawu ya karanta, ya cire hula ya sosa kai.

"Malam, wa ya taɓa fara talla da abin da kaya ba ya yi?"

"Ita ke nan gare ni."

Ya sake bi a hankali, yana motsa baki. Sai ya tambaye ni ko zanen rini ma ba zai koɗe ba in an wanke da shi, don matarsa kullum kukanta ke nan. Na ce wannan ban gwada ba. Ya dubi rana, ya ce akwai sauran lokaci kafin jirgi. Ya goya ni a keke, rawanina yana warwarewa, muka koma karofi. Aka wanke ƙyalle, bai koɗe ba, na ƙara layi ɗaya a tsaye, ya fizge takardar tawada ba ta bushe ba.

An buga ta, da ajami, aikin kuma ya zauna. Taubashina dai har ya tsufa yana gaya wa mutane shi ya rubuta, ni alƙalami kawai na riƙe masa. Ban taɓa musa masa a gaban jama'a ba, don shaidunsa sun fi nawa yawa.