Zanar da Aka Ba Ni Takardar Yabo a Kanta

Abu biyu na yi a rayuwata da nake so a ce ban yi su ba, kuma duka biyun mutum ɗaya na yi wa. Na karɓi takardar yabo a kan aikin da shi ya yi. Bayan haka na sa aka ɗauke shi daga garinsu aka kai shi Kebbe, alhali na san yana da tsohuwa makauniya wadda ba ta da kowa sai shi. Waɗanda suka san maganar duk sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa na ga gara in rubuta ta da hannuna.

Ban yi karatu mai zurfi ba. Na gama elementare, na taɓa makarantar midil a Sakkwato, aka ɗebe mu aka koya mana aikin malamin asibiti: allura, wankin gyambo, ɗaurin bandeji, da sanin wace kwalba ce ta tari, wace ce ta ciwon ciki. Shekarar da aka sami mulkin kai aka tura ni wani ɗakin shan magani a ƙasar Tambuwal. Ɗaki biyu ne da baranda, rufin kwano. Ma'aikata mu biyu ne, ni da lebura guda.

Yadda nake aiki shi ne yadda na ga ana yi. Ina fito da tebur baranda, mutane su yi layi. Wanda ya iso gabana in tambaye shi da ƙarfi ina ke ciwo, in ce ya ɗaga riga in gani. Duk wanda ke layin yana ji, yana kuma gani. In na manta sunan mutum sai in kira shi da ciwonsa: mai gyambo, mai gwaiwa, mai ciwon sanyi. Ban ɗauke shi wulaƙanci ba a lokacin. A ganina sauri nake yi, don a sallami kowa kafin azahar.

Leburan ya girme ni da kusan shekara ashirin. Baba nake ce masa, shi kuma Malam yake ce mini. Aikinsa shara, ɗebo ruwa, dafa allurai a tukunya, da riƙe mutum in za a matse masa ƙurji. Bai san ko baƙi ɗaya na boko ba. Haifaffen garin ne, ya yi kiwo da ƙuruciya, saboda haka yana jin Fulatanci sosai. Ya san kowa, ya san wa ya auri 'yar wa, wa ke jin kunyar wa. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, sai shi da tsohuwarsa a gida. Kullum da hantsi yana neman izini ya je ya dama mata fura ya dawo.

Wata damina, lokacin da kurkunu ke kwantar da mutane, aka kawo wani dattijon Bafulatani a kan takarkari. Kurkunun ya fito masa a can saman cinya. Wani magidanci ne ya jawo san, ya kuma sauko da shi. Da layi ya zo kansa na ce ya ɗaga riga ya sassauta wando. Ya sunkuyar da kai. Na sake faɗa da ƙarfi, don na zaci bai ji Hausa ba. Ya ɗaga hannu ya yi wa magidancin alama, aka mayar da shi kan takarkarin, suka juya.

Baba ya ajiye tsintsiya ya matso kusa da ni.

"Malam, wanga da yak kawo shi mijin ɗiyatai na."

"To sai mi?"

"Ba shi buɗe cinya gabanai, ko da ƙafar ka ruɓewa."

Na ce to ya je ya ruɓe, ni ina da mutane a gabana. Baba ya bar tsintsiyar a nan. Ya bi su da sassarfa, ya cim musu a bakin kasuwa. Ban san abin da ya gaya musu ba. Bayan la'asar na ga ya shigo da dattijon ta bayan ɗaki, ya kuma aiki surukin ya kai san mashaya. A nan ƙarƙashin wani itacen bedi na duba ƙafar, daga ni sai su biyu.

Washegari Baba ya zo da dirkoki da zana uku a kansa. Shi ya yanko gambar, shi ya saƙa, da niyyar gyaran dangar gidansa. Ya kafa su a bayan ɗakin, ya bar ƙofa ta wajen gabas inda masu layi ba sa hangowa. Ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye buta. Daga ranar, kafin in fito ya riga ya zaga layin yana gaisawa da mutane. Wanda ciwonsa na ɓoye ne sai ya ce masa, "Taho ka taya ni ɗaukar tulu," su zaga baya. Ba ya haɗa suruki da suruki, ba ya haɗa uba da ɗan farinsa. Mace kuwa sai ya nemo wata tsohuwa ta zauna da ita, shi ya tsaya waje. Ni dai in ya leƙo ya ce, "Malam, akwai baƙo," in ɗauki tire in zaga.

Mutane suka ƙaru. Har daga wajen Jabo ana zuwa, da Fulanin da ke wucewa da shanu. Na lura da haka, amma na ɗauka hannuna ne ke da kyau a allura.

Bayan kamar shekara biyu aka aiko cewa wani babban jami'in lafiya zai zo rangadi daga Sakkwato ranar Alhamis. Na sa aka yi wa bango farar ƙasa, aka jera duwatsu a bakin hanya. Na dubi zanar, ta yi baƙi, gara ta ci gindinta. Na ce wa Baba ya cire ta kafin Alhamis, kada a ce mun mai da asibiti garke.

"To, Malam. Waɗanda ka zuwa Laraba fa, ina za mu kai su?"

"Su bi layi awa kowa."

"To, Malam," ya ce. Ya yi nufin cirewa da yammacin Laraba.

Baƙon ya zo Laraba da hantsi, domin wani garin da zai fara zuwa hanyarsa ta yanke. Ya duba kwalabe, ya duba tukunyar allura. Ya nemi ruwan wanke hannu, Baba ya kai shi baya inda buta take. Sai ga zana, ga wani tsoho zaune a ciki yana jira. Baƙon ya tsaya ya yi ta tambayar tsohon, tsohon ya ce shekara uku yana ɓoye ciwonsa, sai da ya ji an ce a nan ba a tona mutum sannan ya zo. Baƙon ya juyo gare ni.

"Wa ya kawo wannan dabara?"

Baba na tsaye da buta a hannu, yana zuba masa ruwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mun ga ya dace ne."

Ya ciro alƙalami ya rubuta. Baba ya miƙa masa tawul.

Bayan wata uku takarda ta zo. An zaɓi ma'aikatan lafiya kaɗan daga lardin da za a yaba wa saboda kula da marasa lafiya cikin mutunci, kuma sunana na ciki. A ƙasan takardar an bar wuri inda zan sa hannu in tabbatar da bayanin. Na karanta bayanin sau biyu. An rubuta cewa na kafa wurin sirri, na kuma tsara ganin mutane bisa al'adarsu. Na sa hannu. Abin da na gaya wa kaina shi ne, lebura ba ya cikin waɗanda ake ba irin wannan, in na ƙi karɓa ta tafi wani gari.

Na je Sakkwato a motar kasuwa. Aka tara mu a wani zaure mai fanka, aka yi jawabi, aka kira sunaye. Akwai wata ungozoma, akwai wani mai kula da kutare wanda aka ce yana cin abinci tare da su. Da aka zo kaina aka karanta labarin dattijon Bafulatani kamar ni na bi shi kasuwa. Aka tafa. Aka ba ni takarda a cikin gilashi da lamba mai zare kore. Aka ɗauki hoto, aka sha lemo, aka watse.

Da na dawo Baba ne ya fara tarbata. Ya karɓi jakata, ya riƙe gilashin da hannu biyu yana dubawa, a juye ma ya riƙe shi.

"Barka, Malam. Garinmu ya yi suna."

Da gaske yake, ban ji komai a muryarsa ba. Shi ya buga ƙusa ya rataya ta.

Mutanen gari kuwa sun san wanda ya yi aikin. Akwai wata tsohuwa mai sayar da fura a bakin asibitin, tana wasan jika da ni, mijinta take kirana. Ranar kasuwa, gaban jama'a, ta ɗaga murya.

"Mijina, an ce an ba ka takardar zana! Ashe kai ka yankan gamba ban sani ba? Taho nuna min hannun in ga ko ya yi kanta."

Aka yi dariya. Na yi dariya ni ma. Baba na shara, bai ɗago ba.

Tun daga ranar ganinsa ya fara yi mini nauyi. Bai canza komai ba, ni ne in ya ce "Malam, akwai baƙo" sai in ji kamar tuni yake mini. Na fara neman laifinsa: ya daɗe wajen tsohuwa, ruwa bai tafasa ba. Ana haka aka aiko cewa ana neman lebura wanda ya san aiki a ɗakin shan maganin Kebbe, in da wanda zan ba da shawara. Ba a ce dole ba. Na rubuta sunansa, na yabe shi ƙwarai a takardar.

Da umurnin ya zo na karanta masa. Ya zauna a bakin baranda, ya cire hula.

"Malam, tsohuwa ba ta gani. Ba ta iya hawan jaki, balle tafiyar Kebbe. Ka rubuta musu."

"Baba, daga sama abin yat taho. Ba ni da ta cewa."

"Ko ka ce musu in bari sai bayanta."

"In ka ƙi zuwa, aikin na za ka rasa."

Ya mayar da hularsa. Bayan kwana bakwai ya tafi, ya bar tsohuwar hannun matar wani maƙwabci. Da rani yana zuwa duk bayan mako biyu, a ƙafa. Da damina sai yadda gulbin da ke tsakani ya yarda.

Na ci gaba da amfani da zanar, har na sa aka sabunta ta. Amma ban san mutane ba. Wata rana na shigar da mutum biyu tare don in rage layi, ashe ɗaya ƙanin uwar matar ɗayan ne. Dukansu suka ce ciwon kai ya kawo su. Na ba su ƙwaya suka tafi, ba su dawo ba. Sabon leburan da aka ba ni ba ɗan garin ba ne, yana tsayawa tsakar fili ya ce masu ciwon ɓoye su zaga baya. Ba wanda ke tashi.

Damina ta biyu tsohuwar Baba ta kwanta. Ni na je na duba ta, na ga ba sauran magani. Tana ta tambaya ko ya iso. Aka tashi mutum zuwa Kebbe, ya tarar gulbi ya cika, ya kwana biyu a bakin ruwa. Ta rasu ranar Talata da safe, aka yi mata sutura kafin azahar. Baba ya iso Jumma'a, wandonsa duk laka. Na je gaisuwa tare da jama'a. Ya amsa mini kamar yadda ya amsa wa kowa. Bayan addu'ar bakwai ya rufe gidan ya koma Kebbe, bai sake neman a dawo da shi ba.

Shekaru suka wuce, aka raba Jihar Arewa, aka yi mini ƙarin girma, har na zama mai zagaya ɗakunan shan magani. Aiki ya kai ni Kebbe. Na same shi ya tsufa, yana tankaɗe toka a bayan ɗaki. Na ce ina son magana da shi. Muka zauna a kan kututture. Na gaya masa ba daga sama abin ya zo ba, ni na rubuta sunansa.

"Na sani, Malam. Malamin asibitin nan ya karanta min takardar ranar da niz zo. Ka yabe ni ƙwarai."

"Ka yafe mini, Baba."

Ya kakkaɓe tokar hannunsa.

"Ta gilashi na yafe tun ranar. Mi zan yi da ita, ni da ba ni karatu? Ta tsohuwa kau, Malam, ka bar ni tukuna. Sun ce tana ta kirana."

Aka kira shi daga ciki, ya tashi ya tafi. Na zauna kaɗan, na shiga mota.

Na yi niyyar komawa bayan girbi. Na ɗaga zuwa bayan salla, sannan aka canza mini wurin aiki. Da na tambayi labarinsa wajen wani direba, ya ce ai an yi wata huɗu da binne shi. Ban san ko ya kai ga yafewar ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Ku da ke aikin asibiti yanzu, na ji ana ba da irin wannan yabo har yau, kuma abu ne mai kyau. Roƙona gare ku kaɗan ne. In aka tambaye ku wa ya yi aiki, ku faɗi sunansa a wurin, yana tsaye yana ji. In kuma ganin wani ya yi muku nauyi saboda kun ci haƙƙinsa, ku je ku same shi tun yana kusa, kada ku nisanta shi da gidansu kamar yadda na yi.