Sandar Kawu Buba a Bakin Ƙofar Gilashi

Bana shekara bakwai ke nan da muka binne Kawu Buba, ƙanin mahaifiyata, a nan Greensboro ta Amurka. Da ban yi niyyar rubuta komai ba, sai wani fim na talabijin ya ɓata min rai.

Fim ne na tarihi, kashi-kashi, a kan Turawan Wales na da, masu kora shanu a ƙafa daga ƙauyukansu har kasuwar Landan. Yanzu duk gidan ɗan Arewa da ka shiga, daga Glenwood har East Greensboro, maganar ke nan. Mutumin da bai taɓa riƙe igiyar akuya ba shi ne zai tare ka a bakin masallaci yana yi maka bayanin yadda ake sa wa saniya takalmin ƙarfe.

Asabar ɗin da ta wuce na je gidan Anti Rabi, babbar 'yar Kawu, nas ce. Na same ta ta dawo daga aiki ko takalmi ba ta cire ba, tana kallo tana share hawaye. Wai ka ga mazaje, kwana ashirin suna tafiya. Na ce, "Anti, kwana ashirin? Ubanki daga Potiskum yake tashi da garke sai Inugu, wata biyu a ƙafa. Kwana ashirin ai lokacin ya fara jin daɗin tafiyar."

Ta ce ai na Baba labari ne kawai. Labari kawai. Shekara tara tsohon nan yana zaune a falon nan yana ba mu shi kyauta, mu kuwa kowa na duba agogo saboda shif ɗin aiki. Jikoki su ce masa okay, Kaka, su shige ɗaki. Sai da Bature ya sa kiɗa da hazo a bayan saniya sannan kora shanu ta zama abin kuka.

Da yana nan, wallahi rimot zai jefi talabijin ɗin da shi. A fim ɗin akwai inda suka zo haye kogi, 'yan wasan suka tsaya a baya suna ta jibgar shanu da ihu. Kawu ya sha gaya mana ba a haye Binuwai da duka. Maraƙi ɗaya ake ɗauka a sa a kwalekwale, uwar ta faɗa ruwa tana binsa, sauran su bi ta. Shi kuma yana gaba yana kira. Na taɓa kai shi Summerfield ganin gonaki, ya tsaya a shinge ya yi kiran nan sau ɗaya. Shanun Amurka da ba su san Fulatanci ba suka taho a guje, har dawakin maƙwabta suka biyo sahu.

Amma kada in cika baki, ni ma da laifina. Sau nawa ya ce in kunna waya in ɗauki sunayen zangon da suke kwana, guda talatin da wani abu. Kullum in ce sai wikend, Kawu. Yau biyar kacal nake iya kawowa, biyu ma ina tantama.

Ina cikin wannan faɗa idona ya kai ƙofar gilashi ta baya, irin mai zamewa. A kwance cikin layinta, an tokare ƙofar da ita saboda ɓarayi, sandar Kawu ce. Sandar da ta haye Binuwai ta fi sau ashirin. Na miƙe na fita. Na je shago na sayo sandar tsintsiya, na dawo na musanya.

Jiya na koma shingen Summerfield da sandar Kawu, na gwada kiran yadda na tuna shi. Saniya ɗaya ta ɗago kai, ta dube ni, ta ci gaba da cin ciyawarta. Abin da muka bari ya rage na Kawu ke nan: sanda, zango biyar, da rabin kira. Allah Ya jiƙansa, mu kuma Ya yafe mana.