Matan da Aïssata Ta Kai Aka Ɗebi Jininsu

Aïssata 'yar Damagaram ce, amma shekararta goma sha huɗu a Sabha ta ƙasar Libya tana tuƙa tuwo a wata rumfa a unguwar Mahdiya, tsakanin mai walda da mai facin taya. Direbobin Agadas a wurinta suke cin abinci. Macen da ta sauka garin ba ta san kowa ba, wurinta ake kai ta, don ta iya Larabcin gari, ta san gidan da ke neman mai wanki da gidan da ba a shiga. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma rabin matan unguwar Inna suke ce mata.

Wannan ne ya kawo Likita Mas'ud rumfarta wata safiya. Mutumin Tarabulus ne, mai taushin murya. Ya zauna a benci ya sha shayinta, ya ce su masu bincike ne, suna son sanin yawan masu ciwon hanta cikin matan da suka zo ci-rani. Jini kaɗan za a ɗiba.

"Sunaye fa?" Aïssata ta tambaya. Ta san a garin nan duk wadda aka ji tana da ciwo a jini, ta rabu da aiki ke nan.

"Lamba kawai za mu rubuta, Hajiya. Sakamako kuma kowace ita kaɗai za a faɗa wa, ƙofa a rufe. Wadda aka samu da ciwon, za mu haɗa ta da magani."

Ta yarda da shi. Gida-gida ta bi har ta tara mata talatin da bakwai. Ranar ɗibar jinin, a wani ƙaramin asibitin kuɗi, ita ta fara miƙa hannu don su gani. Aka kawo takarda shafi huɗu da Turanci, ba wanda ya karanta musu. Abin da Mas'ud ya faɗa da baki shi ta mayar Hausa, kowace ta dangwala yatsa. Nafissatou, mai aikin gida a unguwar Sukra, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, ni fa gabana faɗuwa yake."

"Shiga, 'yata. Da akwai cutarwa, ba zan kawo ki ba."

Wata biyu ba labari. Rannan da azahar sai ga Nafissatou da jakar kayanta a ka. An kore ta. Ashe masu binciken sun bar jerin sunaye a asibitin, kowane suna da sakamakonsa a gefe, kuma ƙanen uwar ɗakinta a can yake aiki. A gabanta matar ta ɗauki kofin da Nafissatou take shan ruwa da shi ta jefa a shara.

"A bakinta na ji ina da ciwo, Inna. Ba likita ba, ba ke ba. A bakinta."

Kafin Juma'a ta zagayo an kori wasu huɗu.

Aïssata ta sauke tukunya ta nufi asibitin. Aka ce Mas'ud ya koma Tarabulus tuni. Sai da ta wuni biyu tana zarya kafin wata ma'aikaciya ta ji tausayinta ta ba ta lambarsa. Ta kira, ya ɗauka, muryar nan mai taushi. Ya ce bai ji daɗi ba, sakacin ma'aikata ne, bincike kuma ya ƙare. Batun magani kuwa, ba ya cikin takardar da suka sa wa hannu.

"Wace takarda? Bakinka muka ji, Likita. Da bakina na isar musu. Kai ka tafi, ni ce a nan suna kallona."

Ya ce zai kira ta. Har yau bai kira ba.

Nafissatou ta yi sati uku a ɗakin Aïssata. Tana cin tuwonta, tana gaishe ta da safe, amma bayan gaisuwa ba wata magana. Daga nan ta bi motar Agadas, ko sallama ba ta yi ba.

Aïssata tana nan tana tuƙa tuwo, direbobi suna zuwa kamar da. Sabbin zuwa dai yanzu gidan Koubra mai kitso ake kai su, Aïssata kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba. Nata sakamakon ba wanda ya faɗa mata. Ta kan bi ta ƙofar asibitin in za ta sayo kuɓewa, ta san a ciki akwai waɗanda suka karanta shi, ta ja mayafi ta wuce.