Kabewar Inna da Ruwan Alwala

Matso kusa ka ji, ga tabarma nan, kada ka zauna min a kan turmi. Ka ga kabewar can da ta haye katanga? Labarinta zan ba ka.

Ni 'yar kan dutse ce, daga wani ƙauye ta wajen Jos. A can, idan bazara ta yi nisa, da hantsi za ka ga gajimare ya sauka kan babban dutsen bayan gari ya naɗa masa rawani. Kafin la'asar ruwa ya sauko, wani lokaci har da ƙanƙara, mu fita muna tsinta muna tsotsa. Kuma in ya fara, to ya fara ke nan, kusan kullum sai ya leƙo. Shi ya sa Inna, mahaifiyata, ba ta jira: yau ruwan farko, gobe iri na ƙasa.

Da aure ya kawo ni Abakpa, nan cikin Kaduna, Inna ta ƙulle min 'ya'yan kabewa tara a bakin tsohon ɗankwali. 'Yar ƙarama ce kabewar, amma gardinta kamar gwaiduwar ƙwai, kuma tun daga kakarta ake riƙe da irin. Inna ba ta ga wata damina ba, Allah ya jiƙanta. Irin da ya rage a gida kuma ɓera ya cinye. Taran nan su ke nan a duniya.

A Kaduna na ɗaga kai, babu dutsen da zan tambaya, sai rufin kwano. Zafi kuwa, ko bango ka jingina sai ya ƙona ka. Ran nan gabas ta yi baƙi, iska ta fara zuwa ta kwashe shanyar unguwa, sannan ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ta yi ƙamshin nan mai sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Washegari na ɗauki fartanya na nufi gindin katanga.

Iya, wata tsohuwar Bazazzagiya mai waina da muke haɗa katanga, ta leƙo.

"'Yar dutse, me kike binnewa?"

"Kabewa, Iya."

"Duka?"

"Duka."

"Kash! Wannan ruwan ai sallama ya yi, bai shigo ba. Rufin kwano ya zo wanke mana. Yanzu zai koma ya yi mako uku yana shawara."

Na yi dariya, a raina ina cewa tsohuwa ba ta san ruwa ba.

Bakwai suka tsiro. Sai sama ta washe fes, rana ta dawo da fushinta. Rijiyar gidanmu ta ja baya, guga na fitowa da laka, famfo kuma ko tari ba ya yi. Ruwan garuwa muke sha, ina ni ina zubar da shi a ƙasa? Na gwada ruwan wanki, sabulu ya ƙone min biyu. Rana ta ɗauke biyu. Saura uku, da azahar ganyensu ya yi laushi kamar kunnen akuya.

Maigidana tela ne, ba mai yawan magana ba. Ya dawo daga kasuwa da la'asar ya tarar da ni tsugune a kansu ina share hawaye. Ya ɗauko buta, ya tsuguna a gindinsu ya yi alwala, ruwan na gangarawa cikin ramin.

"Malam, me ke nan?"

"Ruwa ɗaya, lada biyu," in ji shi.

Daga ranar nan can ya zama wurin alwalarmu, ni da shi. Kwana biyu sai ga Iya da butarta da tsohon kwando.

"Matsa, mai kunnen ƙashi. Ni tawa alwalar ta fi taku albarka, mantuwa gare ni, sai na maimaita sau biyu."

Kwandon kuma ta kifa musu, wai kada ranar tsaka ta gan su.

Sai a kwana na goma sha tara ruwa ya dawo, ni na ƙirga. Biyu suka kai labari. A kakar shekarar na yi miyar taushe, cokalin farko na ji kamar Inna ce ta miƙo min kwano. Iya ta ɗanɗana ta ce, "Ba laifi," tana ƙulle 'ya'yan a bakin zaninta.

Yau irin nan ya kai Mando, ya kai Rigachikun, duk ta hannun ƙawaye. Ni kuwa na koyi zaman Kaduna: ruwan farko na sha ƙamshi, na biyu na gyara rami, sai na uku nake shuka, kuma rabi kawai. Malam har gobe a gindin katangar nan yake alwala.

Ga gabas can ta fara haɗa rai. To kai, a garinku ruwa na nawa ake jira kafin a ba ƙasa amanar iri?